Gidan Haya a Cikin Adabin Hausa: Abin da Tirkaniya ta Kaduna ke Nunawa

I

Duk wanda ya bi littattafan hira na Hausa, tun daga biyar ɗin nan da suka fito daga gasar da Dokta R. M. East ya shirya cikin 1933 har zuwa na yau, in ya lura zai ga mazauni uku ne marubuta suka fi sani. Na farko birni ne mai ganuwa, da fadarsa da kasuwarsa da zaurukan malamansa. Na biyu ƙauye ne, inda a ke noma a ke girmama tsofaffi. Na uku shi ne bariki, wurin da yaro ya kan tafi da tarbiyyarsa ya komo babu ita. To, akwai mazauni na huɗu wanda ɗimbin masu jin Hausa su ke kwana su ke tashi a cikinsa, amma da wuya a same shi a littafi yadda ya ke, watau gidan haya na unguwar masu ƙaramin ƙarfi a cikin babban gari.

Nufin wannan takarda shi ne a ɗauki unguwa guda wadda kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa, a auna ta da abin da mawaƙa da marubuta suka faɗa game da irinta, don a ga inda suka dace da inda suka kauce. Unguwar da aka zaɓa ita ce Tirkaniya, a kudancin kogin Kaduna. Maganar kuwa ta shafi malaman makarantun horon malamai fiye da kowa, gama yawancin ɗaliban da su ke horarwa a irin waɗannan unguwanni za su koyar, su miƙa wa yaro littafin da zai nemi gidan ubansa a ciki.

II

Kaduna gari ne da mulkin Turawa ya kafa a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, aka kuma mai da shi hedkwatar Arewa a madadin Zungeru cikin 1917. Ba shi da ganuwa, ba shi da tsohuwar fada, kowa a cikinsa ya san garin da kakansa ya fito. Ofisoshin gwamnati da gidajen manyan ma'aikata a arewacin kogi aka gina su. Kudancin kogi kuwa rabon jirgin ƙasa ne da masana'antu. A can tashar Kaduna Junction ta ke, inda hanyar jirgi ta gabas ta haɗu da ta Ikko zuwa Kano cikin 1927.

Abin da ya cika kudancin nan da mutane shi ne masaƙu. Cikin 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta soma aiki a Kakuri, da haɗin guiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Kafin a fita shekarun 1960 an sami Nortex, da Arewa Textiles wadda Japanawa ke da hannu a ciki, da United Nigerian Textiles ta 'yan kasuwar Hong Kong. An kafa ma'aikatar ƙera makamai cikin 1964, ta haɗa motocin Peugeot kuma ta buɗe cikin 1975. Kowace ma'aikata na bukatar dubban hannuwa, hannuwan nan kuma na bukatar wurin kwana wanda ba shi da nisa da ƙofar ma'aikata, wanda kuma albashin lebura zai iya biya. Da haka Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya da Kudandan suka tumbatsa. Tirkaniya a yau tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, babbar hanyar Nnamdi Azikiwe da ta zagaye garin ta yamma kuwa ta gefenta ta wuce.

Waɗanda suka zo ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Akwai Hausawan Zazzau da Katsina da Kano, akwai Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Zazzau, akwai Tibi da Idoma da Igala daga wajen Binuwai, ga Nufawa da Yarabawa da Ibo. Mai ɗan hali a cikinsu ya kan sayi fili wurin masu ƙasa, ya jera ɗakuna layi biyu suna fuskantar juna, ya haƙa rijiya, ya yi bayi ɗaya ko biyu a ƙarshen gida, ya zauna a ɗaki biyu ya ba da sauran haya. Asalin gidan hayan da a ke magana a kansa ke nan.

III

Kafin a hukunta marubuta, ya kamata a fahimci abin da zama a irin gidan nan ya ƙunsa, gama a nan ne abin rubutun ya ke.

Abu na farko shi ne rashin zaure. Gidan Bahaushe na gargajiya an gina shi ne bisa matakai: zaure inda baƙo ke tsayawa, shigifa, sa'an nan cikin gida inda ba mai shiga sai muharrami. Mutuncin mai gida da kunyar matan gida duk bisa wannan tsari suka dogara. A gidan haya kuwa iyali takwas ko goma su ke tarayya a tsakar gida ɗaya, mazan wasu suna ratsawa ta gaban matan wasu safe da yamma. Labulen ƙofar ɗaki shi ya gaji aikin zaure da shigifa gaba ɗaya. Sabo da haka mazauna suka ƙago wa kansu wasu ladubba da ba a rubuce su ke ba: gyaran murya tun daga ƙofar gida, kau da kai in an wuce mai wanke-wanke, yin kamar ba a ji faɗan miji da mata ba ko da ya ke bango ɗaya ne tsakani. Mutum ya san abin da maƙwabcinsa ya ci jiya da abin da ya rasa, ya kuma san ba a faɗa. Wannan kunya ce sabuwa, wadda ta fi ta mai katanga wuya, domin da hali a ke yinta.

Abu na biyu shi ne araha da abin da ke bayanta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan abin ya wuce rashin ado. Kuɗin ɗaki kaɗan ne in an gwada da na unguwannin manya, sai dai wanda ya biya shi zai ci gaba da biyan saura kullum ta wasu hanyoyi. In rijiya ta ƙafe da rani, ruwa wurin 'yan ga-ruwa za a saya jarka jarka. Wanda ba shi da kuɗin buhu, da mudu ko da gwangwani ya ke awo, kowa kuwa ya san mai sayen kaɗan kaɗan ya fi mai sari biyan tsada. Mitar lantarki ɗaya ce ga gida duka, ranar da takardar kuɗin wuta ta zo sai an zauna an ƙidaya ƙwan fitila da fanka da dutsen guga na kowane ɗaki, zaman da ba ya cika ƙarewa lafiya. Da damina kwata ta cika, sauro ya yi yawa, abin da aka rage a kuɗin haya ya tafi kantin magani. Ga kuma mai gida da ke son kuɗin shekara a dunƙule daga hannun mutumin da ke samun nasa yau da gobe.

Abu na uku shi ne taimakon juna, wanda bukata ta haifa kafin ƙauna ta biyo baya. Matan gida su kan yi adashi ba tare da tambayar addinin juna ba. Wadda za ta kasuwa ta bar ɗanta wurin ta ɗakin kusa. Mai kanti na bakin layi yana da littafin bashi, mai shayi ya san wanda aka sallama daga aiki tun kafin matarsa ta sani. In haihuwa ta zo da tsakar dare, wanda ke da babur a gidan shi ne ɗan'uwa. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, haka kuwa ya ke, ana faɗa kan layin bayi da asuba da kan wanda juyin shara ya faɗo kansa. Amma waɗanda suka yi faɗan nan da safe su ne za su kama wa juna aikin suna da maraice.

Abu na huɗu shi ne harshe. Bajju da Batibe da Bakano in sun haɗu a bakin rijiya da Hausa su ke magana, amma Hausa ce da ta sauke wasu kayanta don ta yi sauri. Sau da yawa ba ta rarrabe namiji da tamace, ƙ da k sun zama ɗaya a bakin da yawa, kalmomin ma'aikata da na Ingilishin kasuwa sun shiga cikinta sun zauna. Yaran da aka haifa a gidajen nan, ko iyayensu ba Hausawa ba ne, da ita suka buɗe baki.

Abu na biyar shi ne lokaci. A ƙauye damina da rani ke raba shekara, a birni kiran salla ke raba yini. A unguwar masaƙa an ƙara wani ma'auni, watau canjin aiki na safe da na rana da na dare, da kuma ƙarshen wata. Mai aikin dare yana barci da rana tsaka cikin hayaniyar yara, matarsa tana tsaron ƙofa kada a tashe shi. Unguwa duka ta san ranar albashi, gama ran nan a ke jin ƙamshin nama a tsakar gida, ran nan kuma masu bin bashi ke yawo.

IV

To, me adabi ya yi da wannan duka? Mawaƙan rubutacciyar waƙa su suka fara duban sabon gari, da idon wa'azi kuwa suka dube shi. Mu'azu Haɗeja, cikin shekarun 1950, ya yi waƙa kan giya ya yi kan karuwa, waƙoƙi masu ƙarfi waɗanda har yau a ke karantawa a makarantu. Ba ƙarya ya yi ba, akwai giya akwai karuwai a garuruwan da jirgi ya kafa. Sai dai waƙar wa'azi aikinta ta zana laifi ƙarara don a guje shi, ba ta da wurin ajiye matar lebura da ke tuƙa tuwo a ɗakin da ke jingine da na karuwar. Illar ba daga waƙoƙin ta fito ba. Ta fito ne daga yadda aka maimaita hotonsu shekara da shekaru har kalmar bariki ta haɗiye duk wanda ke zaune a wajen ganuwa, ɗan bariki ya zama zagi.

Shu'aibu Maƙarfi ya matso kusa. Wasanninsa, irin su Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu, sun san kuɗi, sun san kotu, sun san yadda zamani ke shiga tsakanin uba da 'ya'yansa, maganar mutanensa kuma magana ce da kunne ya saba ji. Amma gidan da ke cikin haɗari a wasannin nan gidan mai hali ne, wanda ke da abin da za a cinye. Kyallu daga waje ta zo ta rushe gidan Jatau. Ba a bi ta zuwa inda ta fito an ga su wa ke zaune a can ba, balle a tambayi yadda su ke biyan haya.

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, shi ya fi fitowa fili da hukuncin. Sunan littafin kansa ya gama magana: birni abu ne mai kama da kitse, a ciza a ji rogo. Saurayi ya bar ƙauye ya shiga gari, ya faɗa hannun miyagu, darasin kuwa shi ne a koma gona. Littafin ya dace da zamaninsa, lokacin da gwamnati ke kiran jama'a su koma noma, kuma ya faɗi gaskiyar wasu. Amma a shekarun nan ne masaƙun Kaduna su ke kan ganiyarsu. Cikin 1978 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa duka, hedkwatarta a Kaduna, Adams Oshiomhole kuwa, wanda ya zama babban sakatarenta cikin 1982, daga Arewa Textiles ya fito. Dubban samari sun bar ƙauye ba su zama ɓarayi ba. Sun kama ɗaki, sun yi aure, sun sa 'ya'ya makaranta, suna aika kuɗin taki gida. Labarinsu ya fi na ɓarawon yawa nesa ba kusa ba, shi ne kuma ba a rubuta ba.

Littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 sun san talaka, amma a matsayin mafarin tafiya. Saurayi matalauci ya so 'yar mai kuɗi, ko yarinya matalauciya ta dace da miji mai mota, labari ya ƙare a gida mai bene. Ɗakin haya a cikinsu wurin jira ne kafin arziki ya zo. Wadda ta fi kowa tsayawa ta duba ita ce Balaraba Ramat Yakubu cikin Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990. Rabi, da mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara, da sayar da abinci ta riƙe su, marubuciyar kuma ba ta ji kunyar lissafin kuɗin cefane da na makaranta ba. A nan an ga talauci a matsayin aiki na kullum wanda ke bukatar dabara. Duk da haka sauƙin da ya zo wa Rabi ta hannun suruki mai dukiya ya zo. Ko wannan littafi, da ya fi saura gaskiya, bai yarda mutum ya fara labari a ƙaramin ɗaki ya ƙare shi a nan da mutuncinsa ba.

V

Abin mamaki, waɗanda suka fi dacewa ba masu alƙalami ba ne. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba mai yi wa kirari, ya kuma yi waƙoƙi kan zaman aure da kan mai akwai da mai babu. Shi ma yana wa'azi, amma daga cikin layi ya ke yinsa, kamar maƙwabci, ya san nauyin kayan da ya ke magana a kai. A Kaduna kuma Usman Baba Pategi, wanda ya rasu cikin 2023, ya yi shekaru yana wasan Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin. Barikin soja ya ke nunawa, amma barikin soja ɗan'uwan gidan haya ne: ɗakuna a jere, kabilu a cakuɗe, Hausa tana karo da Ingilishi a baki ɗaya. Jama'a sun so shi domin sun ji muryar da su ke ji a tsakar gidansu. A wannan zamani wasan Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe cikin 2014, ya bi wannan sawu, ya ƙago gari guda na talakawa ya bar mutanensa su zauna a ciki mako bayan mako.

Akwai dalilin da ya sa wasan kwaikwayo ya riga littafin hira. Tsakar gidan haya dandali ce tun asali: ƙofofi da yawa suna buɗewa wuri ɗaya, kowa ya fito an gan shi, kowa ya yi magana an ji. Littafin hira na Hausa kuwa da tafiya aka haife shi. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya fita neman ruwan magani, Ganɗoki ya fita yaƙi, Shaihu Umar an ɗauke shi an ƙetare hamada da shi. Ƙashin bayan labarin shi ne a fita, a sha wuya, a komo. Marubucin da ya gaji wannan zubi in ya kawo yaro birni, zubin da kansa zai matsa masa ya komar da shi gida, ko da tuba ko da arziki. Labarin gidan haya kuwa labarin zama ne, na mutanen da ba su tafi ko'ina ba, shekara ashirin suna gaida juna a bakin rijiya ɗaya.

Ba abu ne da ya gagari littafi ba. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1988, ya rubuta Zuƙaƙul Midaƙƙi cikin 1947, ya tsare mai karatu a lungu guda na tsohuwar Alƙahira, da mai gahawa da wanzami da mai dalilin aure, lungun da kansa ya zama shi ne babban mutumin labarin. Akwai lalata a ciki, akwai mai son tserewa, amma marubucin ya san kowa da sunansa kafin ya hukunta shi. A nan gida Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya rubuta People of the City cikin 1954 da Jagua Nana cikin 1961 kan zaman Ikko. Masu nazarin zaman jama'a ma sun yi nasu: Abner Cohen ya rubuta kan Hausawan Sabo ta Ibadan cikin 1969, Gunilla Andrae da Björn Beckman kuma sun rubuta kan ma'aikatan masaƙun Kaduna da Kano. Abin takaici ne a ce mai son sanin zaman leburan Kakuri sai ya nemi littafin Ingilishi na baƙi, alhali da Hausa leburan ya yi zamansa.

Mai hankali zai iya cewa adabi ba ƙidayar jama'a ba ne, ba wajibi ne marubuci ya ba kowace unguwa rabonta ba, kuma laifi ya fi zaman lafiya daɗin labari. Wannan magana tana da ƙarfi. Amsarta ita ce ba a nemi a daina rubuta laifi ba, an nemi a san wurin da laifin ke faruwa. Marubucin da ya san gidan sarki ya kan rubuta makircin fada ba tare da ya ce duk bafade munafuki ne ba, domin ya san su ɗaya ɗaya. Abin da ya sa unguwar haya ta zama baƙa ƙirin a littafi shi ne daga nesa aka hango ta. Ga kuma wani dalili na harshe: marubucin da aka horar kan daidaitacciyar Hausa yana jin nauyin sa Hausar Tirkaniya a bakin mutanensa, sai fa in don a yi dariya. Muddin ba a yarda mutum ya yi baƙin ciki da irin Hausarsa ba, ba za a iya rubuta shi da gaske ba.

VI

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne zaman da a ke cewa a rubuta ya riga ya canja. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masaƙu suka soma rauni. Tsadar baƙin mai da rashin tsayayyar lantarki da tsufan injuna da atamfar waje da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya suka taru a kansu. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, Arewa Textiles ta bi ta ba da daɗewa ba, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki cikin 2007. Ma'aikata da yawa sun yi shekaru suna bin hakkinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Wanda ya saba da albashi ya koma acaɓa ko gadi ko ƙaramar sana'a, mai gidan da ya dogara da hayar ma'aikata ya rasa mai biya, mai tuwon ƙofar masaƙa ta rasa masu ci.

A kan wannan rauni rikici ya sauka. Faɗan da ya biyo bayan maganar shari'a cikin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe cikin Afrilu 2011, sun sa mutane sun yi ƙaura cikin garinsu, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, kogin da a da gada ce kawai a kansa ya zama iyaka a zukata. Ran 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bam wani coci a Tirkaniya, rana ɗaya da wasu biyu a Zariya, ramuwar gayya ta biyo baya, aka hana fita dare da rana. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi shan wuyar irin wannan, gama mai kuɗi yana zaɓen unguwa, talaka kuwa inda kuɗinsa ya kai nan ya ke kwana. A yau mai neman ɗaki ba kuɗin haya kaɗai ya ke tambaya ba, yana tambayar su wa ke zaune a layin, ta ina kuma a ke fita in an tashi.

Yaron da aka haifa bayan 2000 a unguwar da kowa addininsa ɗaya zai iya girma bai san an taɓa yin gidan da tuwon salla da shinkafar Kirsimeti ke ƙetare tsakar gida a kwano ɗaya ba. Waɗanda suka yi wannan zama suna tsufa. Rahoton hukuma ya kan ƙidaya gawa da gidajen da aka ƙone, amma ba ya riƙe yadda mace ta ɓoye 'ya'yan maƙwabciyarta a ɗakinta, ko yadda mutum biyu da suka yi shekaru kan injin ɗaya suka daina haɗa ido. Riƙe irin wannan aikin adabi ne. In bai yi ba, abin da zai rage wa na baya shi ne tsohon hoton bariki da sabon hoton rikici, su ɗauka ba a taɓa yin wani abu tsakaninsu ba.

VII

Abin da ya rage shi ne a faɗi inda malamai za su sa hannu. Ba a ce a ajiye Mu'azu Haɗeja ko Kitsen Rogo ba, littattafai ne da suka cancanci wurinsu. Amma malamin da ke karantar da su ya kamata ya koya wa ɗalibai tambayar inda marubuci ya tsaya sa'ad da ya ke kallo, da wanda ya gani, da wanda ya tsallake. Ɗalibin da ya iya wannan tambaya ya kama hanyar nazari.

Sa'an nan darasin insha'i yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba. Maimakon a ce yara su rubuta yadda a ke hawan salla a garin da ba su taɓa zuwa ba, a ce su rubuta yadda a ke raba kuɗin wuta a gidansu, ko abin da a ke ji daga ɗaki da asuba kafin a buɗe ƙofa, a kuma bar mutanen cikin labarin su yi magana yadda su ke yi, a tsare daidaitacciyar Hausa ga bayanin mai ba da labari. Sassan Hausa na jami'o'i kuma, da ya ke sun saba aika ɗalibai ƙauyuka su tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin daka, ya kyautu su aika wasu Tirkaniya da Nasarawa da Makera su zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da matansu, su ɗauki maganarsu da irin Hausarsu tun suna da rai. Daga irin wannan tari ne marubuci ya kan sami abin gini. Gani ya kori ji, unguwar kuwa tana nan ƙetaren gada, kuɗin mota kaɗan ne.